Takalmin Hussaini da Batirin da Ya Ƙi Mutuwa

Mata masu ɗebo itace ne suka fara ganinsa bayan la'asar, kwance rub da ciki a gindin jingar da ta fashe, jini ya jiƙe masa ƙeya. Ihunsu ya riga su isa gari. Kafin ka ce me, Garin Ɗan'auta kaf ya hau kan jinga, kowa na leƙe, ba mai son ya fara taɓa shi.

Nathaniel ne, injiniyan da ƙungiyar manoman shinkafa ta ɗauko daga Haɗeja tun farkon damina, don ya zana mata taswirar magudanan da ciyawar kachala ta toshe. Aikinsa ke nan: ya tashi ɗan jirginsa marar matuƙi ya ɗauko hotuna daga sama, ya haɗa su a laftof su zama taswira. Yana numfashi, amma da ƙyar. Jakar laftof ɗinsa babu ita. Aka kinkime shi zuwa kwale-kwale aka yi Haɗeja da shi.

Ba wanda ya tambayi dalili, don kowa ya sani. Jingar nan da ke tare wa gari ruwa ba da kanta ta fashe ba, an ga bakin shebur a jikinta. Ruwan da ya shigo ya cinye shinkafar gari, ya kuma rushe wa tsohuwa 'Yar'azumi ɗaki a kanta, sai gawarta aka zaro. Shi kuwa Nathaniel, bawan Allah, ya faɗa a bainar jama'a cewa jirginsa yana sama a ranar da abin ya faru, kuma ran Juma'a zai nuna hotunan a ƙofar Bulama mai gari. Baki dai shi ke yanka wuya.

Bulama ya ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake! A kira min Tukur."

Tukur shi ne mai bin sawun yankin. Ya taɓa bin ɓarawon jaki tun daga nan har Miga, kuma in ka zauna da shi sai ka ji labarin ko ba ka tambaya ba. Yana son aikinsa, amma gaskiya ya fi son yadda mutane kan yi tsit in ya durƙusa a kan sawu. Ran nan kuwa gari guda ne a bayansa.

Sawun bai wahalar da shi ba. Takalmin roba ne, an yi wa dugadugin hagu liƙi da wuta. Ya bi Nathaniel a baya, ya tsaya inda ya faɗi, ya juya ya gangara mashaya. Tukur ya bi, jama'a suka bi shi, har gindin giginyar da masunta kan tuɓe takalmansu kafin su shiga ruwa. A nan suka iske Hussaini masunci ya fito daga kwale-kwale da kwandon tarwaɗa, yana zura ƙafa a takalminsa.

Tukur ya duba dugadugin hagu. Ga liƙi. Ga kuma ɗigon jini a kan igiyar takalmin. Ya ji idanun gari a ƙeyarsa, sai kawai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wannan ne," in ji shi.

Abin da ya biyo baya, Tukur ba ya son tunawa. Dama manoma sun daɗe suna cewa masunta ne ke murna da ambaliya, tunda kifi ke biyo ruwa. Shu'ibu, ɗan marigayiya 'Yar'azumi, shi ya fara ɗaga gora. Da Bulama bai faɗa kan Hussaini da babbar rigarsa ba, da a nan aka gama. Aka ja shi zuwa ɗakin zauren Bulama aka datse. Ruwa ya yanke hanyar mota, kwale-kwalen 'yan sanda kuma yana can wajen kwashe mutanen wasu ƙauyuka, ba a san lokacin da zai samu zuwa ba.

Shu'ibu ya tsaya a ƙofar zaure, idonsa jawur. "Ranka ya daɗe, mun ba ka zuwa la'asar ɗin gobe. In hukuma ba ta zo ba, mu ne hukuma."

* * *

Kafin magariba Bulama ya tara waɗanda suka yi hulɗa da Nathaniel a ranar, yana tambayar kowa inda yake. Da aka zo kan Abdulmannan, mataimakin injiniyan, sai yaron ya share hawaye. Ɗan Alhajin tsallake ne, mai manyan gonakin da ke ɗaya gefen kogi. Ya yi karatu a Dutse, ga ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba.

"Ina siton ƙungiya, ranka ya daɗe. Tun rana tsaka oga ya bar ni ina haɗa hotunan gonakin gabas, ko salla a ciki na yi. Ban ɗaga kai ba sai da na ji ihu." Ya buɗe laftof ɗinsa, irin ta Nathaniel sak, ya juya musu fuskarta. Ga taswira ta haɗu tsaf, kowa na gane gonarsa. Dattawa suka girgiza kai, aka ce Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Bulama ya zaro wayarsa zai kira asibiti, ya ga ta mutu. Tunda ruwa ya shanye janareton ƙungiya, ya kuma kayar da rumfar mai cajin sola, ba wuta ko ta ɗigo a garin. Su Nathaniel ma a Guri suke yin caji kowace safiya su taho da shi. A irin wannan hali kuwa, wanda ke da caji ya hana, daidai yake da wanda ya hana ruwan sha.

"Kawo, ranka ya daɗe," in ji Abdulmannan, ya miƙo igiya. "Batirina a cike yake, da ƙyar ya taɓu. Baba Tukur, kai ma kawo taka."

Tukur ya miƙa. Liman ma ya miƙa, haka mai shayi. Laftof ɗin ta shayar da su duka ba ta gaji ba, ana ta sa wa yaro albarka.

* * *

Barci bai ɗauki Tukur ba. Fuskar Hussaini ce ke dawo masa. Mutumin nan shekara da shekaru yana ƙetarar da shi kogi, bai taɓa cewa ya gaji ba. Gari na wayewa ya koma kan jinga shi kaɗai, ba mai kallonsa, ya durƙusa a kan ragowar sawun da ba a tattake ba.

Nan take ya ga abin da bai gani jiya ba.

Masunci ba ya taka taɓo da dugadugi. Da yatsu yake shiga, ƙafa a buɗe, yana sauri kafin laka ta kama shi. Wannan sawun kuwa dugadugi ne ke fara nutsewa, irin tafiyar wanda ya saba da siminti. A wuri biyu ma takalmin ya maƙale, mai shi ya zaro ƙafa ya sake zurawa, don ya yi masa yawa. Jiya takalmi Tukur ya karanta, bai karanta tafiya ba. Kuma wa bai san cewa takalman masunta suna yini a gindin giginya ba mai tsaro? Ba a taɓa su ne kawai don kunya, ɓarawon rai kuwa ina ruwansa da kunya.

Ya zauna daɓas a kan jinga. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, wanda bai taɓa ji ba ko lokacin da ya bi ɓarayin shanu masu bindiga. Da bakinsa ya yanka mutum, kuma wuƙar tana nan tafe da la'asar.

Ya tafi zaure. Matasa na zube a ƙofa da gorori, wasu a nan suka kwana. Ta tagar baya ya yi magana.

"Hussaini, ni ne."

Murya ta fito, a kumbure. "Ka zo ka ƙara duba takalmin?"

"Ina kake jiya da rana?"

"Cikin kachala, wajen tarkunana."

"Wa ya gan ka?"

"Tarwaɗa." Ya yi tari mai ciwo. "Tukur, ka san ni. Da ka tambaye ni jiya kafin ka yi magana."

Tukur ya bar tagar. Ya ja Bulama gefe ya gaya masa abin da ya gani, Bulama ya riƙe haɓa.

"Malam Tukur, jiya ka ce shi ne, yau ka ce ba shi ba ne. In na fita na faɗa wa yaran nan haka, cewa za su yi an saye ka, su haɗa da kai. Magana zarar bunu ce. Sai dai ka kawo min wani a madadinsa, da hujjar da makaho ma zai gani."

Wa ke nan? Zuciyarsa ta fara kai shi kan Shu'ibu. Me ya sa yake gaggawar a rufe bakin Hussaini? Ya zagaya ya dubi inda yaron ya taka a ƙofar zaure. Ƙafar manomi ce, faffaɗa, ko da guduma ba za ta shiga takalmin Hussaini ba. Baƙin cikin uwa ne kawai ke cin sa. Malamin firamare mai tafiyar 'yan birni kuwa yana Guri jiya, rabin kasuwa sun gan shi.

Ya leƙa sito. Abdulmannan ya riga ya tafi Guri yin caji, ya ce zai dawo da azahar. Teburin da yake aiki yana nan, garin ƙaiƙayin shinkafa ya lulluɓe shi kamar kullum, ga shatin laftof a tsakiya, kusurwa huɗu. Gefe da gefe ƙaiƙayi na kwance lumui. Tukur ya duba ya sake dubawa, bai ga abin kamawa ba. Yaron ya ajiye na'urarsa a nan, shi ke nan.

Saura mutum ɗaya da wataƙila ya ga fuskar wanda ya yi dukan, wato Nathaniel, in Allah ya sa ya farfaɗo.

* * *

Kwale-kwale zuwa bakin titi, daga nan ɗan acaɓa zuwa Haɗeja. Duk hanya Tukur rana yake kallo, kamar wani ke tura ta sama da gangan.

Nathaniel bai farfaɗo ba. A barandar asibiti ya sami matarsa Dibora, da ake kira Maman Luka, malamar kwamfuta a wata sakandare, ta zabga tagumi. Ya gaishe ta ya yi mata jaje, ya faɗi ko shi wane ne, bai ɓoye komai ba.

"Maman Luka, ni na ja wa mutum wannan bala'in. Ko maigidanki ya taɓa ambata miki wanda yake zargi?"

"Bai faɗa ba, Baba. Ya dai ce hoton ba zai yi wa wasu manya daɗi ba." Ta share ido. "Ina Abdul yake lokacin? Kullum tare suke fita."

"Yana sito yana haɗa taswira, tun rana tsaka har la'asar. Mun ga taswirar da idonmu. Yaron kirki, har caji ya ba mu daga na'urarsa, mu wajen huɗu."

Dibora ta ɗago kai a hankali. "An gyara muku janareto ne?"

"Ina fa."

"To da wace wutar ya haɗa taswira?"

"Da batir mana. Ya ce a cike yake."

"Bayan ya gama aikin ne yake a cike?"

Tukur ya gyaɗa kai. Ta gyara zama.

"Baba, irin laftof ɗinsu injin hoto biyu ne a cikinta, ƙarami da babba, tana sauyawa tsakaninsu. In rubutu kake yi ko kallon hoto, ƙaramin ne ke aiki, batir sai ya kai ka yamma. Amma haɗa taswira aikin babban ne, shi kuwa zuƙar wuta yake yi. Kamar kwale-kwale ne: da gorar tuƙi ka yini kana tafiya a hankali, da inji ka isa da wuri amma mai ya ƙare. Maigidana ya gwada laftof ɗin nan biyu a kan teburinmu na cin abinci, har muka yi faɗa don ya hana mu wurin ajiye kwano. Wadda ya bari a kan ƙarami ta wuce la'asar tana aiki. Wadda ya sa wa taswira, kafin in sauke tukunya ta mutu. Shi ya sa ba ya taɓa haɗa taswira a ƙauye, sai inda akwai wuta. Ta gonakin gabas ma a Guri ya haɗa ta shekaranjiya, shi ya gaya min a waya."

"Ba yadda za a yi a sami taswira kuma a sami batir?"

"Babu. Ko ɗaya ko ɗaya. Kuma in babban ya tashi ba ya ɓoyuwa. Fanka za ta yi ta huci ta gefe, ko takarda ka ajiye sai ta ture ta."

Tukur ya rufe ido. Ya ga teburin sito, ya ga ƙaiƙayi kwance lumui a gefen shatin, ba abin da ya hure shi. Ashe sawun yana gabansa da safe, bai san dabbar da ke yin sa ba ne.

"Maman Luka," ya ce, "in na faɗi wannan da bakina ba mai yarda, don jiya na ɓata bakin. Za ki bi ni?"

Ta dubi ƙofar ɗakin da mijinta ke kwance. Ta dubi tsohon da bai san ta ba sai yau, yana kiran ta garin da aka fasa wa mijinta kai. Ta ɗaura ɗankwali, ta kira ƙanwarta ta zauna a bakin gado.

* * *

An idar da azahar suka iso. Taron ƙofar zaure ya ninka na safe, har da mutanen ƙauyukan kusa, ba mai hira. Da suka ga Tukur aka buɗa masa hanya, wani ma ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Gaisuwar ta soke shi fiye da zagi.

Wannan karon bai buɗe baki a fili ba. Ya roƙi Bulama a shiga sito, a rufe ƙofa. Aka shiga da Dibora, da Liman, da Shu'ibu a madadin matasa, da malamin firamare, da Abdulmannan wanda ya dawo daga Guri da laftof cike da caji. Aka kawo Hussaini ta baya, ido ɗaya a rufe, ba takalmi, aka zaunar da shi a kan buhu. Jama'a suka yi cincirindo a tagogi.

Tukur ya ce, "Abdulmannan, abu ɗaya nake roƙo. Aikin da ka yi jiya a kan teburin nan, ka sake yin sa yanzu a gabanmu, har la'asar."

Yaron ya dubi Dibora, ya gane ta, ya rusuna ya gaishe ta. Ko gezau bai yi ba. "Ba komai, Baba." Ya ajiye laftof a kan shatinta na jiya, ya ɗan daddanna wasu wurare da sauri, sannan ya juya musu ita. Wani siririn layi ya bayyana, alamar aiki ya fara.

Aka zauna. Inuwar taga ta fara rarrafe a ƙasa. Malamin firamare ne ke leƙa alamar batir yana faɗa wa mutane. "Yana nan a cike." Can an jima, "Ya ɗan taɓu kaɗan." Can kuma, "Har yanzu da sauransa da yawa."

Gumi ya karyo wa Tukur. Ya ɗora ran mutum a kan abin da bai sani ba, a kan maganar matar da ya sani yau da hantsi. In ta yi kuskure fa? In wannan na'urar daban ce? A waje gunaguni ya fara tashi, wani ya buga ƙyauren sito da gora. Hussaini ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe, Tukur ya gane kalmar shahada yake yi.

Shu'ibu ya miƙe. "Baba Tukur, wasa ka tara mu mu kalla? Rana tana tafiya."

Dibora na can jikin bango, an hana ta matsowa, tsoro ya daskarar da ita. Tukur ya dube ta, ta kai hannu kunnenta, ta girgiza kai. Sai a lokacin ya lura: sito shiru yake. Ya tashi da ƙyar, ya ɗebi ƙaiƙayi da yatsu uku, ya zuba a gefen laftof daidai bakin ramukan iska. Ƙaiƙayi ya kwanta abinsa.

"Malam," ya ce wa malamin firamare, "bar kallon batir. Layin nan na aiki, ina ya kai?"

Malam ya matsa ido. "Ai kusan inda ya fara yake."

"A haka zai gama kafin la'asar?"

Dibora ce ta amsa, muryarta ta fito da ƙarfin da ita ma ba ta zata ba. "A haka ko gobe ba zai gama ba. Ya ɗaure ta a kan ƙaramin inji ne don batir ya daɗe. Ranka ya daɗe, a bar ni in kunna babban."

"Kada ta taɓa min na'ura!" Abdulmannan ya kife hannu a kai. Wannan ne karo na farko da aka ji ya ɗaga murya a garin, kowa kuma ya lura.

"Ɗauke hannunka, yaro," in ji Bulama.

Ta danna sau biyu ko uku ta ja da baya. Sai ga huci ya taso daga cikin na'urar, yana ƙaruwa. Ƙaiƙayin da Tukur ya zuba ya tashi fir, ya watse, ya bar wani share a kan tebur kamar an yi da tsintsiya. Layin aiki ya zabura.

"Bulama, dubi teburin nan," in ji Tukur. "Da safe na duba shi. Wannan sharen babu shi."

Malam ya koma kan batir, yanzu ba sai an tambaye shi ba. "Yana sauka. Wallahi yana sauka!" Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Masu taga suna miƙa labari baya, gunagunin waje ya mutu. Inuwa ba ta kai inda Liman ke tashi kiran salla ba, fuskar laftof ta yi baƙi, fanka ta yi shiru. Taswira ko gamawa ba ta yi ba.

Liman ne ya fara magana, a hankali, yana shafa aljihun da wayarsa take. "Jiya bayan la'asar, daga cikinta na sha caji."

"Ni ma," in ji Bulama. Ya juya. "Abdulmannan, in kana nan kana wannan aikin, da ba ka da abin ba mu. In ba ka nan, ina kake?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron ya zame daga kan kujera ya durƙushe, ya ce shi bai yi niyyar kisa ba, laftof ɗin kawai yake so ya jefa a ruwa. Hoton ya nuna motar gidansu a kan jinga, da ma'aikatan babansa da shebur, suna sauke wa gonakin tsallake ruwa a kan Garin Ɗan'auta. Ya roƙi oga ya goge, oga ya ƙi.

Shu'ibu ya yi wani irin ƙara ya yi kansa. Tukur ya riga shi. Tsoho ne, amma ya tsaya tsakaninsu ya buɗe hannu.

"Shu'ibu, jiya na ce wannan ne, kuka kusa kashe marar laifi. Yau ba zan sake cewa wannan ne a ba ku ba. Sai dai ka fara da ni."

Shu'ibu ya daɗe da gora a sama. Sannan ya dubi Hussaini a kan buhu, ya dubi idon da shi da kansa ya rufe masa, gorar ta sauko. Ya fita yana kuka kamar yaro. Bulama ya sa aka datse sito da Abdulmannan a ciki, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, Liman ya zauna kusa da shi, suka ce nan za su yi salla har hukuma ta iso.

* * *

Bayan la'asar Hussaini ya nufi mashaya, yana ɗingishi, mutane na kauce masa ba mai iya haɗa ido da shi. Tukur ya karɓo takalman daga zauren Bulama, ya wanke su da hannunsa, ya bi shi a baya. Tunda yake bin sawun mutane bai taɓa jin nauyin bin wani kamar na yau ba.

A gindin giginya ya cim masa. Ya durƙusa ya ajiye takalman a gabansa.

"Hussaini, ka yafe min."

Hussaini ya dubi takalman da ido ɗayan da ya rage masa a buɗe. Bai sa su ba. Ya raɓa su ya taka taɓo da ƙafarsa tsirara, yatsu a gaba, ƙafa a buɗe, har bakin kwale-kwalensa. Sai da ya ɗauki gorar tuƙi sannan ya waiwayo, ya nuna layin da ya bari a laka.

"Duba da kyau, Tukur," ya ce. "Wannan ne nawa."